Ba allura ɗaya ake yi a huta ba

Wani labari da na karanta ya ce allurar ido tana dawo da gani, kamar sau ɗaya za a yi a huta. A nan nake da ja. Ciwon suga ya taɓa wa mahaifiyata bayan ido, ruwa na tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin jini, kuma ni nake raka ta asibiti. Da farko wata-wata ake yi mata allurar, sai likita ya ga kumburin ya saɓe a hoton ido kafin ya ƙara tazara. Babban aikin allurar shi ne tsare ganin da ya rage. Ku kuma masu cewa gara makanta da a soka muku allura a ido, don Allah ku sake tunani. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a wanke da aidin, a sa ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido, a shiga ta farin idon, cikin daƙiƙoƙi an gama. Bayan an fito ne mahaifiyata take jin jiki: raɗaɗi kamar yashi ya shiga, hawaye, baƙaƙen ɗigo na yawo. Me ya hana marubucin gargaɗin cewa in zafi ya ƙaru, ido ya yi ja, gani ya dushe, a koma asibiti a ranar?