Eddie Robinson da ƙararrawarsa

Jama'a, yau a yi min uzuri, zan ajiye maganar Firimiya in taɓo ƙwallon Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ana ta bangaje-bangaje.

Duk wanda ya ambaci koci Eddie Robinson, da lamba yake farawa: wasa 408 ya ci a jami'ar Grambling da ke jihar Luwiziyana, daga 1941 har 1997. Gaskiya ne, kuma a 1985 ya wuce tarihin Bear Bryant, kocin jami'ar Alabama, mai nasara 323. Amma wallahi ni ba wannan ke burge ni ba.

Ɗan manomin ƙodago ne, uwarsa 'yar aikin gida. Ya buga wa kwalejin Leland, ya gama, ya shiga aiki a injin abincin dabbobi. Yana ɗan shekara 22 aka ba shi koci a Grambling, makarantar baƙar fata da ba ta da ko sisi. Shi ke shata filin da hannunsa. In an tashi wasa, shi ke zama ya rubuta labarin ya aika wa jarida. In za su yi tafiya, sai an haɗa guzuri tun daga gida, don a lokacin gidajen abinci a jihohin kudu na Amurka ba sa barin baƙar fata su zauna ciki. A haka, a 1942, yaransa suka ci wasa tara cif, ba wanda ya ci su ko maki ɗaya.

Sai ƙararrawar. Da sassafe yakan bi ɗakunan kwanan 'yan wasa yana kaɗa ta, kowa ya tashi ya tafi aji. Ku duba fa, mutumin da ya tura sama da yara 200 ƙwallon ƙwararru, shi ne ke tsaye bakin ƙofa yana tashin ƙato daga barci. Ya san yawancinsu ba da ƙwallo za su ci abinci ba. Kocin da ke ganin yaro kamar kayan sayarwa ba zai ɓata barcinsa kan haka ba.

Inda nake ganin ya yi kuskure shi ne daɗewa. Shekaru ukunsa na ƙarshe duk faɗuwa ta fi nasara yawa, har aka fara gunagunin ya sauka, abin ba daɗin ji. Da ya tafi, wanda ya gaje shi ɗalibinsa ne, Doug Williams, baƙar fata na farko da ya ja ragamar ƙungiya a fili ta ci Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwararru, a 1988. Robinson ya rasu a 2007.