Gansakuka ma tana tanadin dare

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Kowa ya san gansakuka, koren yauƙin nan da ke kwanciya a kan ruwan kududdufi bayan damina, wanda ko yara ke ƙyamar takawa. Ka tsamo zare ɗaya, irin wanda masana ke kira Spirogyra, ka ɗora a madubin ganin ƙananan halittu. Za ka ga ɗakuna a jere kamar gaɓoɓin kara, a cikin kowanne akwai koren ƙyalle a murɗe. Sunansa kuloroplas, kuma shi ne madafarta. Da hasken rana da ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi take haɗa sukari a nan.

Ba ta cinye sukarin nan duka. Tana ƙulla wani ya zama sitaci, dangin wanda ke cikin gero da rogo, ta jibge shi a jikin wasu ƙananan ɗigo-ɗigo da ke cikin madafar. Rumbun da murhun wuri guda suke. Ɗiga mata aidin, ka ga wuraren sun yi shuɗi-baƙi. Rana na faɗuwa girki ya tsaya, sai ta buɗe rumbu ta yi ta ci a hankali har gari ya waye. Subhanallah! Ba ido, ba ƙwaƙwalwa, wa ya sanar da ita dare na tafe?

A Suratul An'am aya ta 99 Allah Ya ce Ya saukar da ruwa, Ya fitar da tsiro, daga gare shi Ya fitar da kore, daga koren kuma ƙwaya mai hawan juna.

Mu kuwa albashi ya shigo ranar 28, kafin 5 ga wata an koma cin bashi wajen mai shago, a ce tawakkali ake yi. Wannan sakaci ne. Annabi Yusuf (AS) cewa ya yi a bar abin da aka girbe a zangarniyarsa, sai kaɗan da za a ci. Hakim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya ce a ribaci biyar kafin biyar: ƙuruciya kafin tsufa, lafiya kafin ciwo, wadata kafin talauci, sarari kafin hidima, rayuwa kafin mutuwa.

Ɗan uwa, gwiwar da ke kai ka kallon ƙwallo yau, wata rana sai an kawo maka kujera a sahu. Raka'a nawa ka ajiye da ita tun tana lanƙwasuwa?