Satumba a Orlando: Yadda sauƙin cunkoso ya zama hajar sayarwa

Duk shekara, da zarar an wuce Litinin ta farko a watan Satumba, ranar da Amurkawa ke hutun ma'aikata, masu shirya tafiye-tafiye kan fara maimaita shawara guda ga iyalan da ke son kai 'ya'yansu manyan wuraren wasa na birnin Orlando da ke jihar Florida: yanzu ne lokacin zuwa, domin jama'a sun watse. Shawarar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai tana ƙara ƙanƙancewa kowace shekara, kuma a ganina kamfanonin da suka mallaki wuraren ne suka ƙanƙantar da ita da gangan, tun daga ranar da suka fahimci cewa sarari da gajeren layi abubuwa ne da za a iya sa wa farashi.

Dalilin raguwar mutane a farkon kaka ba ɓoyayye ba ne. Makarantun Florida da na yawancin jihohin kudu suna komawa tun cikin Agusta, na arewa maso gabas kuma su bi sahu a farkon Satumba, sai iyaye su koma bakin aiki da aljihun da dogon hutu ya riga ya rarake. Ga kuma yanayi. Zafin rana a Orlando yakan kai digiri 32 a wannan wata, da gumin da ke manna riga a jiki tun da hantsi, sannan da la'asar hadari ya haɗo a tsuge da ruwa, a dakatar da lilunan da ke fili saboda tsawa, baƙi su cure a bakin shaguna cikin rigunan leda. Mafi girman barazana ita ce mahaukaciyar guguwa, wadda lokacinta a tekun Atilantika ke farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ya kuma fi tsanani wajajen 10 ga Satumba. Guguwar Irma ta sa an rufe Walt Disney World, katafaren wurin wasa na kamfanin Disney a yankin Orlando, na kwana biyu a Satumban 2017, guguwar Ian ta sake sa an rufe shi na kwana biyu a ƙarshen Satumban 2022, Milton kuma ta kawo wata rufewar a Oktoban 2024. Wanda ya samu rangwame a wannan lokaci kasada ya yi da kuɗin jirginsa da na masaukinsa.

Kamfanin Disney ya san wannan lissafi tun fil azal. Bayan ruɗanin da aka yi ranar buɗe Disneyland a Kalifoniya cikin Yulin 1955, inda tikitin jabu ya sa mutane suka ninka adadin da aka shirya wa, sai kamfanin ya zaɓi 1 ga Oktoba, 1971 don buɗe wurinsa na Florida, saboda wata ne da ba a cika zuwa ba, domin sababbin ma'aikata su koyi aiki cikin natsuwa. Mutum kusan dubu 10 ne suka zo a ranar. Yau Magic Kingdom kaɗai, ɗaya daga cikin wuraren wasan da ke cikin Walt Disney World, yana karɓar baƙi sama da miliyan 17 a shekara, kuma Oktoban da aka zaɓa don shirunsa ya shiga sahun watannin da ake turereniya.

Abin da ya sauya lamarin shi ne bikin Halloween, na shigar dodanni da tsoratarwa. Knott's Berry Farm, wani wurin wasa a Kalifoniya, shi ne ya fara shirya dararen tsoratarwa a 1973, Universal, wadda ita ma ke da wuraren wasa, ta fara nata a Orlando a 1991, Disney ta ƙaddamar da nata bikin na yara a 1995, a 1996 kuma aka fara bikin abinci da abin sha a Epcot, wani sashe na Disney World, bikin da manya marasa yara ya fi janyowa, musamman mazauna jihar a ƙarshen mako. Bikin Halloween da ranarsa 31 ga Oktoba ce yanzu tun cikin Agusta ake fara shi, a jera kabewa a kan tituna alhali rana na ƙona ƙeya. A daren da za a yi bikin, ƙarfe 6 na yamma ake rufe Magic Kingdom ga masu tikitin yau da kullum. Ma'aikata kan tsaya a mashigar kowane sashe suna duba wuyan hannun mutane, wanda ke ɗaure da shaidar biki ya wuce, wanda ba shi da ita a nuna masa hanyar ƙofa cikin fara'a, ko da kuwa ɗansa na jan rigarsa yana kuka. An sayar da yini guda sau biyu ke nan.

Daga nan sai aka koma kan farashi. A Oktoban 2018 Disney World ta ɗaura kuɗin tikiti a kan ranar da mutum ya zaɓa, ranar da ake sa ran cunkoso ta yi tsada, ranar da ake sa ran sauƙi ta yi araha, da nufin jawo mutane su cike gurbin. Tsarin FastPass, wanda tun 1999 yake bai wa kowane baƙo damar kama gurbin hawa lilo ya tsallake dogon layi ba tare da biyan ko sisi ba, an soke shi a 2021 aka kawo na kuɗi, wanda yanzu ake kira Lightning Lane. A bakin lilo guda za ka ga layi biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na gudu ɗaya na jan ciki, kuma duk wanda ya wuce ta mai gudun ya ƙara wa na ɗayan minti. Akwai kuma abin da masu ba da shawara ba su cika faɗa ba: tsawon layi bai dogara da yawan baƙi kaɗai ba. Idan baƙi suka ragu, ana iya rage awannin buɗewa, a rage ma'aikata da kekunan lilo da ke zagayawa da fasinjoji, a rufe wasu liluna don gyara, sai mutum ya tarar da fili a kan titi amma allon bakin ƙofa yana nuna masa doguwar jira.

Ya kamata a yi wa kamfanonin adalci. Rarraba jama'a a kan watanni goma sha biyu ya fi tara su a makonni kaɗan, kamar yadda duk wanda ya taɓa kai yara gidan zoo na Kano a cikin shagulgulan Sallah zai shaida, kuma ma'aikacin da a da ake rage masa aiki bayan hutu yanzu yana da abin yi har ƙarshen shekara. Inda na raba gari da su shi ne tambayar wa ke cin moriyar arahar. Masu ritaya, da ma'aurata marasa yara, da masu 'ya'yan da ba su isa makaranta ba su ne Satumba ke yi wa daɗi. Malamin makaranta ba shi da wannan zaɓi. Iyayen 'yan makaranta kuwa sai dai su cire yara daga aji, abin da a Ingila, ƙasar da ke cikin manyan masu tura baƙi Orlando, yake jawo tarar fam 80 a kan kowane yaro ga kowane mahaifi tun daga Agustan 2024. Ke nan wurin da aka gina da sunan yara ya fi arha a daidai lokacin da bai halatta yaro ya je ba, kuma wasu iyayen suna lissafa tarar su ga har yanzu da riba.

Ragowar sauƙin da ake magana a kai bai wuce makonni biyu zuwa uku na bayan hutun ma'aikata ba, kuma a ranakun aiki. Da an shiga Oktoba, gajeren hutun kaka na makarantun jihohi da dama da hutun Litinin ta biyu a watan suna dawo da jama'a. Shawarar ma ba ta tsallaka iyaka yadda take: a China, makon farko na Oktoba hutun ƙasa ne, lokacin da Disneyland na Shanghai ke cika maƙil, a Faransa da Ingila kuma ƙarshen Oktoba ne yara ke hutu.

Ga wanda ya ƙuduri zuwa Orlando, jadawalin dararen biki ya fi sunan wata amfani. Da yake mutane da yawa na guje wa ranar da za a kore su ƙarfe 6, Magic Kingdom yakan yi sauƙi da rana a waɗannan ranaku, sai ranakun da babu biki su kwashi duk waɗanda suka kauce. Mai tikitin da ke ba shi damar sauya wuri yana iya yin safiyarsa a can, ya ƙarasa yammacinsa a Epcot, amma ita ma wannan damar sai an ƙara kuɗi a kan tikitin.