Ɗan aiken da na haɗa wa Kawu

Kawuna yana da shagon hatsi da kayan miya a kasuwar Katako, nan Yamai, kuma littafin bashinsa ya girme ni. Da na gama karatun kwamfuta ina ji da kaina, sai na ce masa, "Kawu, ajiye littafin nan. Zan haɗa maka ɗan aike a cikin waya, magana kawai za ka yi masa ya rubuta." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To."

Shi irin wannan mataimaki na AI ba shi da hannu. Kai ne za ka ba shi kayan aiki, kowanne da sunansa, da bayanin abin da yake yi, da guraben da za a cika. Na bi tsarin MCP, wato ƙa'idar haɗa mataimakin AI da kayan aiki, da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Abin da ban ɗauka da muhimmanci ba shi ne, mataimakin ba ya leƙa cikin manhajar da na rubuta. Bayanin nan kaɗai yake karantawa ya yanke shawarar abin da zai ɗauka da yadda zai yi da shi. Ni kuwa kwana uku na yi ina fama da manhaja, bayanin kuma a fada na rubuta shi, tsakanin shayi na biyu da na uku. Na farko: "Yana rubuta bashi. Kuɗi: lamba." Na biyu: "Yana aika saƙo ga mutane." Na rufe kwamfuta na miƙa kofi.

Washegari Kawu ya kara waya a baki kamar mai shan rake ya ce, "Rubuta wa mai tuwon bakin tasha ɗari da hamsin." Ɗan aike ya rubuta 150. Ko yaron da ke tura kura a Katako ya san da dala muke lissafi, dala ɗaya sefa 5, ɗari da hamsin kuwa 750 ke nan. Amma wa ya gaya masa? Lamba na ce, lamba ya sa. Mako guda cur yana yafe wa mutane kashi huɗu cikin biyar na bashinsu, ba wanda ya roƙe shi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ranar Juma'a da safe Kawu ya ce, "Tuna wa yaran tasha bashinsu." Babu wani mai suna yaran tasha a lissafin, sai ɗan aike ya bar gurbin suna fayau. Ni kaɗai a duniya na san cewa in an bar gurbin nan, saƙo kowa yake tafiya, saboda ni na tsara shi haka lokacin gwaji kuma ban rubuta a bayanin ba. Kowa fa. Har da surukin Kawu, wanda ya ɗauki buhun gero tun layyar bara waccan, bashin da ko a mafarki ba a ambatonsa.

Bayan an sauko daga masallaci sai ga tsohon da sandarsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya yi sallama, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ciro kuɗi daga aljihun babbar riga ya shiga ƙirgawa a hankali a gaban jama'a. Kawu ya durƙusa yana "Baba, wallahi ba ni ba ne," yana nuna waya, yana nuna ni. Ni kuma na tsura wa ma'aunin shinkafa ido kamar ranar na fara ganinsa. Ana cikin haka mai tuwo ta iso da dala talatin a hannu da saƙo a waya, ta ce, "Alhaji, ga shi a rubuce, 150. Allah ya saka da alheri."

Da dare na kira yaron shago, wanda bai taɓa ganin manhajar ba, na karanta masa bayanin nan biyu na ce, "In kai aka aika da wannan, me za ka yi?" Ya ce, "Yaya, dala ko sefa? Mutanen su wa? In ban gane sunan ba, in dawo ko in wuce? In na gama, me zan ce wa Alhaji?" Tambayoyi huɗu a tsaye, bai ko ajiye tsintsiya ba. Na amsa su ɗaya bayan ɗaya a cikin bayanin, har ya zarce manhajar tsawo. Na kuma tara jimloli ashirin irin na bakin Kawu, da jikka da dala da "wancan na jiya", ina gwada ɗan aiken da su in ga wane kayan aiki zai ɗauka da abin da zai cika. Layin da na fi alfahari da shi: "Kada a aika wa kowa sai an ambaci sunansa. In suruki ne, ko an ambata a sake tambaya."

Yanzu abin yana aiki sumul. Na kai wa Kawu da safe ina murmushi, na tarar ya buɗe tsohon littafinsa, biro a bayan kunne. Ya karɓi wayar, ya juya ta gaba da baya, ya ce ta yi nauyi daidai, sannan ya ɗora ta a kan shafin don kada fanka ta rufe masa.