Ƙannena, Ku Riƙa Yi Wa Waƙa Tambaya

Assalamu alaikum. Maganar nan da ku nake, ƙannena da abokaina matasan Kano, masu rera gambarar zamani da masu sauraronta. Ba na cikin masu cewa a daina. Ina jin daɗinta, kuma na san irin basirar da ake bukata kafin yaro ya jera baiti goma sha shida da Hausa tsantsa, amsa-amo bai karye ba, numfashi bai yanke ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke haddace waƙa daga farko har ƙarshe, mu rera ta a majalisa, mu ɗora ta a sitatus, amma ko sau ɗaya ba mu tsaya mun tambayi abin da take nema a wurinmu ba.

A shekarar 1923 aka kafa wata cibiyar nazarin zamantakewa a birnin Frankfurt na Jamus. Cikin malamanta akwai Max Horkheimer da Theodor Adorno. Da Hitila ya hau mulki a 1933 sai suka yi hijira, daga baya suka zauna a Amurka, inda suka ga yadda rediyo da finafinai da faya-fayen waƙa suka zama babbar kasuwa. Tambayar da ta hana su barci ita ce: me ya sa mutumin da ake tatsa yake ƙaunar abin da ake tatsarsa da shi? Amsarsu ita ce nishaɗi ya zama masana'anta. Ana ƙera shi da yawa, iri ɗaya, a sauya masa riga kawai, domin ma'aikacin da ya gaji ya manta gajiyarsa da dare, gari ya waye ya koma bakin aiki ba tare da ya tambayi dalilin da ya sa guminsa ba ya isarsa ba. A Italiya kuma Antonio Gramsci, wanda gwamnatin Musolini ta ɗaure a 1926, ya rubuta daga kurkuku cewa masu iko ba da bulala kaɗai suke riƙe jama'a ba. Babban makaminsu shi ne su sa talaka ya yarda cewa yadda abubuwa suke haka suka dace su kasance, har ya riƙa kare tsarin da bakinsa.

Kada wani ya ce wannan karatun Turawa ne, bai shafe mu ba. Ba dole ne mu ɗauki aƙidar waɗancan mutane ba, tambayoyin kawai muke so, kuma tambayoyin 'yan gida ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙi ya bi harajin sarakunan zamaninsa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar hujjarsa. A nan cikin Kano aka kafa jam'iyyar NEPU a watan Agusta na 1950, su Malam Aminu Kano suka shiga lungu-lungu suna koya wa talaka cewa yana da bakin tambayar inda kuɗin harajinsa ke tafiya. Malam Sa'adu Zungur da waƙa ya yi nasa yaƙin. Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya ƙare rayuwarsa yana koya wa ɗalibai kada su karɓi labari sai sun san wanda ya rubuta shi da abin da yake karewa. Sama da duk wannan, Alƙur'ani a Suratul Isra'i, aya ta 36, ya hana mu bin abin da ba mu da iliminsa, ya kuma gaya mana cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Kunnen da muke toshewa da iyafis tun safe har dare, shi ma za a tambaye shi.

Ka shiga adaidaita sahu daga Ƙofar Nasarawa zuwa Kabuga da rana tsaka. Direban bai fi shekara ashirin da biyu ba. Ya ɗaura sifika a bayan kujera, bas yana dukan ƙirjin fasinja, shi kuma yana bin mawaƙin baki da baki: miliyoyi sun shigo, maƙiya su mutu, mota sabuwa, agogo na zinare. A aljihun gaban rigarsa akwai 'yan canji da suka jiƙe da gumi, yana lissafinsu a zuci duk lokacin da danja ta tsayar da shi, domin bai haɗa balas ɗin mai mashin ba, ga mai ya kusa ƙarewa, ga kuɗin tikiti. Ba na ganin laifinsa don ya nemi abin da zai sanyaya masa rai. Amma ku lura da abin da waƙar ta yi masa. Ta ba shi maƙiyi, sai dai ta nuna masa inda ba nan ba. A cikin waƙar, maƙiyinsa shi ne abokinsa mai hassada, ko yarinyar da ta ƙi shi don ba shi da kuɗi. Babu baiti ko ɗaya a kan dalilin da ya sa litar mai ta ninka har sau da yawa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ko dalilin da ya sa mai takardar difloma yake tuƙa mashin ɗin wani. Zai sauka aiki yana jin haushin ɗan unguwarsu, wanda shi ma balas yake nema.

Shi kansa mawaƙin, sau da yawa, ba shi da abin da yake rerawa. Duk wanda ya taɓa leƙa situdiyo a titin Gidan Zu ya san haka. Motar bidiyon aro ce ko haya, gidan na wani ne an ba da shi na awa biyu, kuɗin situdiyo ma karo-karo aka yi. Yaro ya kwana yana rubutu, ya biya mai kiɗa, ya biya mai ɗaukar hoto, ya saki waƙa ta zaga gari. Masu turi a Farm Centre da bakin kasuwanni su tura wa dubban mutane a waya, su karɓi nasu. Kamfanin waya ya sayar da data. TikTok da YouTube su tara masu kallo su sayar wa masu talla, kuma abin da suke biya a kan kallon da aka yi daga Najeriya bai kama ƙafar wanda aka yi daga Amurka ko Ingila ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sannan manhajojin nan ba su tsaya a cin riba ba, har siffar waƙar suke yankewa. Abin da ke tafiya shi ne ɗan guntun da za a yi rawa da shi na daƙiƙa goma sha biyar, ko habaicin da zai tayar da rigima tsakanin mawaƙa biyu. Mai dogon tunani sai ya ga ba a kallonsa, a hankali ya rage tunanin ya ƙara hayaniya, yana zaton shi ya zaɓi hakan.

Kiɗan gambarar zamani a unguwar Bronx ta birnin New York ya tashi, wajen 1973, cikin 'ya'yan baƙaƙen fata da baƙin da suka zo daga tsibiran Karibiyan, a lokacin da gidajen unguwar ke ƙonewa, ayyuka suka gudu, hukuma ta juya musu baya. Murya ce ta waɗanda ba a saurara. Daga baya manyan kamfanoni suka gano cewa bindiga da mota da jikin mace sun fi saurin sayuwa, suka tura wannan fuskar duniya. Abin baƙin ciki, ita ce fuskar da yawancinmu muka kwafo, alhali ta farkon ce ta yi kama da mu. Me muka rasa na faɗa? Masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai da suka ciyar da iyayenmu, da yawansu sun zama kango. Unguwanni nawa ne famfo ya zama tarihi, sai 'yan ga-ruwa? Ga ƙwacen waya da ya sa mutum ke tsoron amsa kira bayan magariba, ga faɗan daba, ga ƙwaya da ba ta bar mu ba duk da hana kodin da gwamnatin tarayya ta yi a 2018, ga ƙananan almajirai suna kwana a barandar shaguna cikin hunturu. Akwai mawaƙan da ke taɓa waɗannan, a Kano da Kaduna da Bauchi da Jos, kuma ina yi musu jinjina da zuciya ɗaya. Amma mu masu sauraro mun fi tura waƙar alfahari sau goma kafin mu tura tasu sau ɗaya, sannan mu dawo muna cewa mawaƙa ba su da saƙo.

Batun mata kuwa, ku saurara da kunnen yayan da yake da ƙanwa a gida. A waƙoƙi da yawa mace ba ta da suna, ba ta da magana. Ko dai kwalliyar bidiyo ce, ko makwaɗaiciya da ake zagi. Kusan kullum fara ake zaɓa a saka a gaba, kuma yarinya 'yar shekara goma sha biyar tana kallo, tana auna fatarta, gobe ta tara kuɗin tara ta sayi man bilicin. Mai sayar da man bai biya mawaƙin ko sisi ba, amma an yi masa talla.

Sai kuɗin siyasa. Roƙo tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma ba a ɓoye take ba. Narambaɗa mawaƙin Sarkin Gobir na Isa ne, kowa ya san ubangidansa, kowa ya san da wane ma'auni zai auna yabonsa. Ɗan Maraya Jos kuma ya ɗauki kuntiginsa ya waƙe 'yan ƙwadago da masu ƙananan sana'o'i. Kowannensu ya tsaya inda ake ganinsa. Wanda nake jin tsoro shi ne mai cewa shi muryar titi ne, ɗan talakawa, alhali an kira shi gidan wani da dare an ba shi ambulan. Idan kakar zaɓe ta zo za ku ji su, baitin da jiya yake kukan yunwa yau ya koma kirarin mai girma. Ba na cewa mawaƙi kada ya ci abinci. Ina cewa kai mai sauraro ka san an biya, kuma ka tambayi kanka ko za a iya jin wannan bakin ya soki wanda ya biya shi idan asibitin unguwarku ya rasa magani.

Haka ma masu hanawa, su ma a yi musu tambaya. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2009 wata kotu a Kano ta haramta sauraron wasu waƙoƙi goma sha ɗaya. Al'umma tana da haƙƙin kare tarbiyyar 'ya'yanta, ni ma ba na son batsa a kunnen ƙannena. Amma duk lokacin da aka hana wata waƙa, ya kamata mu duba: batsa ce a cikinta, ko ta taka wani babba ne? Kuma wadda ta fi ta muni amma tana yabon masu mulki, ita ma an taɓa ta?

Shi kansa Adorno bai tsira ba. Ya raina kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka, bai ga 'yanci da fasahar da ke cikinsa ba, domin ya saurare shi daga nesa da kunnen ɗan boko mai ƙyama. Ina ganin irin wannan a wasu 'yan uwanmu na jami'a. Mutum ya karanta shafi biyu, ya dawo unguwa yana kallon kowa a matsayin wanda aka yaudara, shi kaɗai ne idonsa ya buɗe. Wannan girman kai ne, kuma zagin mutane a Facebook ba nazari ba ne. Mai bin diddigi na gaskiya yana zama a teburin mai shayi ya ji dalilin da ya sa yaron nan ke son waƙar, sannan ya yi wa kansa tambayar da yake yi wa wasu. Wa ya ce sai da akwati goma sha biyu lefe yake cika? Wa ke cin ribar ankon da ake yanka wa abokan ango, har mutum ya ci bashi? Lokacin da garin nan ya rikice da mainin na neman kuɗin kirifto a 2024, manya da yara suna dangwalar waya har asuba, wa ya tara mabiya da kuɗin talla, wa ya tashi da ciwon yatsa da bashin data?

Ku kuma masu rerawa, akwai wurin da wannan tambaya ta fi muku amfani fiye da ko'ina, wato ranar da wani ya miƙo muku takarda ya ce zai ɗauki nauyinku. Murna takan sa yaro ya sa hannu a tsaye, a bakin mota. Kada ku yi. Ku tafi da takardar gida, ku nemi lauya ko wani babba da ya san harkar ya karanta muku ita da Hausa. Ku san shekara nawa aka ɗaure ku, wa ya mallaki waƙar bayan an sake ta, da sunan wa aka buɗe shafin YouTube da Audiomack, kaso nawa ne naku, kuma kuɗin da aka kashe muku kyauta ne ko bashi ne da za a cire kafin ku ga ko kwabo. Idan mai takardar ya ce babu lokacin karantawa, ku bar masa abarsa.