Kafin ka ce wa mutum malalaci, ka fara tambayar wa ya kashe masa gwiwa

Assalamu alaikum jama'a. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni, magana ce da ta daɗe tana min yawo a rai.

Na yi shekaru ina koyarwa kafin in koma aikin ofis, kuma ga yara a gida, to wurare uku kenan da nake jin ƙorafi iri ɗaya kullum kamar an haɗa baki. Malami ya ce yaran yanzu ba sa son karatu. Oga ya ce ma'aikatan nan ba su da himma, albashi kawai suka sani. Uba ya ce yaron nan nawa malalaci ne, ban san wa ya ɗauko ba. Kowa na nuna na ƙasa da shi da yatsa. Ni kuma abin da nake so mu tuna shi ne ruwa ba ya tsami banza.

Ku dubi yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, tambaya yake har sai ka gaji, me ya sa kaza, ina rana take zuwa da daddare, wa ya kunna wata. Ba wanda ya biya shi ya yi tambayar nan, haka ya zo da ita. Ku dubi sabon ma'aikaci a satinsa na farko, kafin a buɗe ƙofa yana bakin ƙofa, a miting hannunsa a sama, yana ta kawo shawara. Bayan shekara biyu ka koma ka same su, yaron ya koma bencin baya ba ya cewa uffan, ma'aikacin kuma idonsa na kan agogo tun azahar. To ina himmar ta tafi? Ai da ita suka zo. Wani ne ya kashe ta a hankali, kuma yawanci wanda ya kashe ɗin shi ne mai ƙorafin.

Ba zan fara da laifin wani ba, da nawa zan fara, don laifi tudu ne. Akwai wani yaro da na taɓa koyarwa, tun kafin in shiga ajinsu aka ce min kar ka wahalar da kanka da wancan, daƙiƙi ne. Na ɗauka kuwa. Zango guda cur ban taɓa kiran sunansa ya amsa tambaya ba, in na duba littafinsa sama-sama nake dubawa, don na riga na yanke hukunci. Rannan muna darasin lantarki, batir da waya da ƙwan fitila sun ƙi kamawa a hannuna, sai na ji murya daga baya a hankali tana cewa malam wayar ce ba ta taɓa ƙarfen ba. Na ce zo ka gwada. Ya fito jikinsa na rawa, ko minti ɗaya bai yi ba fitila ta kama. Ashe yaron nan a gida rediyo da tocila yake kwancewa yana ɗaurawa. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya zama na ɗaya a aji ba, bai zama ba. Amma daga ranar ya fara kawo aikin gida, ya fara ɗaga hannu. Wallahi har yau in na tuna zangon nan da na bar shi a baya sai in ji ba daɗi, don ni ne babba, ni ke da alli a hannu, kuma ni na yarda da maganar da ban tabbatar ba.

Daga baya na karanta cewa masana sun gwada irin wannan a Amurka. Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun je wata firamare a Kalifoniya, suka yi wa yara gwaji, sannan suka gaya wa malamai cewa ga wasu yara, kusan kashi 20 cikin 100, da gwajin ya nuna ƙwaƙwalwarsu za ta buɗe sosai a shekarar. Alhali sunayen nan kawai tsinto su aka yi ba tare da duba sakamakon komai ba. Da aka sake gwaji sai ga shi yaran sun fi sauran ci gaba, musamman 'yan aji ɗaya da aji biyu. A 1968 suka fitar da sakamakon. An yi ta muhawara a kai daga baya, wasu masanan sun nuna tasirin bai kai girman da aka fara zato ba, amma dai yana nan. Kuma ba wani siddabaru ba ne, yaron da kake sa ran zai iya kana ba shi lokaci ya yi tunani kafin ya amsa, kana sakar masa fuska, in ya yi kuskure ka gyara masa. Wanda ka cire rai da shi kuwa ko daƙiƙa biyu ba ka jira, ka wuce na gaba. Yara suna gani fa, sun fi mu lura.

Yanzu in zo kanmu iyaye, don nan ne abin ya fi min ciwo. Yaro ya dawo da katin sakamako, tambayar farko ita ce ka zo na nawa? In ya ce na goma sha biyu shikenan fuska ta ɓaci, a fara, dubi ƙanwarka, dubi ɗan maƙwabta, kai kullum kai ne a baya. Ba wanda ya lura cewa wancan zangon na ashirin da biyar ya zo, ba wanda ya tambaya wane darasi ne yake ba shi wahala, ko allon ma yana gani da kyau daga inda yake zama. Wasu yaran matsalarsu ido ce ko kunne, shekara da shekaru ana zaginsu a kan abin da gilashi kawai zai magance.

Ko yabon ma akwai yadda ake yinsa ya zama illa. Wasu masana biyu, Carol Dweck da Claudia Mueller, sun yi wani gwaji da 'yan aji biyar, aka buga a 1998. Bayan yara sun yi wani aiki mai sauƙi, wasu aka ce musu lallai kana da ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka ce lallai ka yi ƙoƙari. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa su suka fi saurin karaya, suka fi zaɓar abu mai sauƙi don kar asirinsu ya tonu, har kusan 4 cikin 10 nasu suka ƙara makin da suka ci da aka ce su faɗa wa wasu yara. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa suka ci gaba da fafatawa. Dalilin a fili yake, in ka ce wa yaro shi haziƙi ne to ranar da ya faɗi sai ya ga ashe ba haziƙin ba ne, amma ƙoƙari abu ne da ke hannunsa, gobe ma zai iya ƙarawa.

Kar wani ya ce ai ni ban yi karatu mai zurfi ba, me zan iya yi wa yaro. Tun 1966 wani babban bincike da James Coleman ya jagoranta a Amurka, wanda ya shafi ɗalibai sama da 600,000, ya nuna yanayin gidan da yaro ya fito ya fi ginin makaranta da kayan cikinta tasiri a kan sakamakonsa. Ni abin da na gani da idona a aji shi ne, yaron da ya san in ya koma gida akwai mai ce masa zo ka gaya min me kuka koya yau, ko da mai tambayar ba ta iya karanta littafin ba, wannan yaron daban yake. Yana sauraro a aji don ya san za a tambaye shi. Ba yi wa yaro aikin gida ba ne sa hannu a karatunsa, wannan ma cutarsa kake yi. Sa hannu shi ne ka san sunan malaminsa, ka je makarantar ba sai ranar da aka kira ka don ya yi laifi ba, ka kashe talabijin na awa ɗaya, ka ajiye wayarka shi ma ya ga kana karanta wani abu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To a wajen aiki fa? Labarin ɗaya ne, sunaye kawai aka canza, malami ya zama oga, katin sakamako ya zama takardar ƙarin girma.

Bari in share wata hanya tukuna don kar a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake kuɗi ba su da muhimmanci ba. Wanda bai biya ma'aikaci haƙƙinsa a kan lokaci ba ba shi da bakin yi masa wa'azin himma, mutum ba zai sa hankali a aiki ba alhali mai gidan haya na jiransa a ƙofa. Amma akwai abin da wani masani, Frederick Herzberg, ya gano tun 1959 bayan hira da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a birnin Pittsburgh. Abubuwan da ke sa mutum ya tsani aikinsa daban, abubuwan da ke sa ya so shi daban. Ƙarancin albashi, mugun tsari, wurin aiki mara kyau, waɗannan suna ɓata rai, in ka gyara su ƙorafi zai ragu. Amma abin da ke sa mutum ya zage damtse shi ne ya ga ya cim ma wani abu, a san da ƙoƙarinsa, a damƙa masa amana, ya ga yana gaba. Shi ya sa za ka ga wuri ana biya da kyau amma kowa jiki a sanyaye.

Kamfanin Gallup da ke auna irin wannan a ƙasashe da dama ya sha fitar da cewa ma'aikatan da hankalinsu da zuciyarsu ke kan aikinsu a duniya ba su kai kashi 25 cikin 100 ba, kuma a 2015 suka ce aƙalla kashi 70 cikin 100 na bambancin da ake samu tsakanin wannan sashe da wancan daga manaja yake. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Na zauna ƙarƙashin ogan da in ka kawo shawara a miting sai ya yi kamar bai ji ba, bayan sati biyu ya kai ta sama da sunansa. In abu ya yi kyau shi ne, in ya ɓaci a nemo ƙaramin da za a ɗora wa, a tsige shi a gaban kowa. Cikin wata shida duk masu magana a sashen nan suka yi gum, aka koma yallaɓai duk yadda ka ce. Shi kuma yana ta kuka wai ba mai taimaka masa da tunani.

Wata malama a jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta yi bincike a asibitoci tana zaton rukunin ma'aikatan jinya da ke da shugabanci mai kyau su za su fi ƙarancin kuskuren magani a rubuce. Sai ta tarar akasin haka, su suka fi yawan rahoton kuskure. Da ta bi diddigi sai ta ga ba wai sun fi yin kuskuren ba ne, su ne ba sa tsoron faɗa. Inda ake tsoron shugaba ɓoyewa ake yi, kuma kuskuren da aka ɓoye ba ya gyaruwa. A masana'antar Toyota ma an san su da wata igiya da ke rataye a layin haɗa motoci, ƙaramin ma'aikaci in ya ga matsala yana da ikon ja, shugaban rukuni ya taho, in ba a warware ba layin ya tsaya. Ka ga an yarda kenan cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da aka ba wannan darajar ba sai an tsaya a kansa da sanda ba.

Sai kuma abin da ba a cika haɗawa ba, wato duk wuraren nan uku igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Malamin da muke so ya ƙarfafa yara shi ma ma'aikaci ne, yana da hedimasta a kansa. In hedimasta ya wulaƙanta shi a gaban ɗalibai da safe, da wace zuciya zai shiga aji ya yi haƙuri da yaro mai jinkirin fahimta? Uban da aka ci wa mutunci a ofis shi ne zai dawo gida ya sauke a kan yaro saboda maki biyu da ya rasa. Haka ma babba yana buƙatar gida, mutumin da in ya dawo akwai mai ce masa sannu da aiki, ya aka ji da shi, ba ɗaya yake da wanda zai tarar da gori ba. Oga mai kiran ma'aikaciya ƙarfe goman dare kan abin da zai iya jiran safe, ko mai ɗaure fuska don mutum ya nemi izinin kai ɗansa asibiti, ya sani lokacin yaran wani yake ci, kuma yaran nan su ne gobe za a ce ba su da tarbiyya ba sa karatu.

Na sani wani zai ce to shikenan mutum ba shi da nasa laifin? Yana da shi mana. Akwai wanda ko me ka yi masa ba zai motsa ba, na gamu da su a aji na gamu da su a ofis, kuma baligi ba zai zauna yana jiran sai an lallashe shi kafin ya sauke nauyin da ya karɓi albashi a kai ba, amana ce. Amma gaskiya irin waɗannan ba su kai yawan da muke faɗa ba, kuma wanda ke riƙe da iko, ko alli ne ko biro ko ragamar gida, kasonsa ya fi girma don shi ke saita yanayin da kowa zai shaƙa.

Yanzu da aka ɗan ba ni mutane kaɗan a ƙarƙashina, akwai wani a cikinsu da aka ce min shi ba ya magana, aikinsa kawai yake yi ya tafi. Na bincika na ji ashe da can shi ne sarkin kawo shawara. Na kira shi na ce malam me kake gani za mu gyara a yadda muke karɓar takardu, ya ce ba komai yallaɓai, komai lafiya. Bayan sati na sake tambaya, ya yi murmushi ya ce a bar shi kawai. Sai a karo na uku, bayan ya ga na ambaci sunan wata abokiyar aikinmu a gaban manya kan gyaran da ta kawo, ya shigo ofishina da kansa ya rufe ƙofa, ya ciro wata takarda daga jakarsa duk ta yi laushi don ninkewa, shafi biyu cike da rubutu. Na duba kwanan watan da ke samanta, shekara uku kenan da rubuta ta.