Ba tausayi kawai 'yantattun bayin farko suka cancanta ba

Duk sanda aka taɓo zancen bayin da aka 'yanta a farkon Musulunci, kusan labari ɗaya muke ji a wa'azi: Bilal kwance a rairayi mai zafi, dutse a ƙirjinsa, yana "Ahad, Ahad", sai Sayyidina Abubakar ya fanshe shi. Daga nan a tsallaka zuwa kiran salla. Gaskiya ne, amma an yi ƙwauro. Mutanen nan sun zama abin tausayi kawai a bakinmu, alhali su ne aka riƙa damƙa wa tuta.

A Badar, shekara ta 2 bayan hijira, masu sira sun ce Musulmin farko da ya yi shahada shi ne Mihja'u, 'yantaccen bawan Umar, kibiya ce ta same shi. A ranar ce Bilal ya hangi tsohon ubangidansa Umayya bin Khalaf a hannun Abdurrahman bin Aufu, ya ɗaga murya yana cewa kada shi Bilal ya tsira in Umayya ya tsira, kuma Umayya bai wuce wannan rana ba. Da aka ci nasara, cikin mutum biyun da aka aika Madina da bushara har da Zaidu bin Harisa, 'yantaccen bawan Annabi (SAW). Akwai kuma Amir bin Fuhaira, 'yantaccen bawan Abubakar, makiyayin da ke kai wa Annabi (SAW) da Abubakar madara a kogon Sauru lokacin hijira, yana bi da garkensa ta kan sawun Abdullahi ɗan Abubakar don kada Ƙuraishawa su gane hanya. Ya yi Badar, ya yi Uhudu, aka kashe shi a Bi'iru Ma'una.

Wani zai ce ai larura ce, Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne a Badar, duk mai iya ɗaukar takobi dole a tafi da shi. To, larura kan sa mutum a sahu, amma ba ta ba shi jagoranci. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8, runduna ta kai mutum 3,000, ba a rasa 'ya'yan manya ba. Duk da haka Annabi ya ce Zaidu ne shugaba, in an kashe shi sai Ja'afar bin Abi Ɗalib, sannan Abdullahi bin Rawaha. Ja'afar fa ɗan baffan Annabi ne, Bahashime, aka sa shi a bayan wanda aka taɓa sayarwa a kasuwa. Khalid bin Walid ma yana cikin rundunar a matsayin mabiyi, sai da ukun suka faɗi tuta ta iso hannunsa.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Da aka naɗa Usama ɗan Zaidu kan runduna dab da wafatin Annabi, an yi ta ƙananan maganganu, har Annabi ya fito ya ce in suna sukar shugabancin Usama, ai sun soki na mahaifinsa a baya, kuma Zaidu ya cancanta. Ashe tsohon hali bai mutu rana ɗaya ba. Mu ma nan, har yau akwai gidajen da in an zo neman aure ake raɗa "asalinsu bayi ne", maganar ta watse, kuma mai raɗar yana iya zama cikin masu hawaye in ana labarin Bilal.

Sahabbai dai sun tsaya kan naɗin. Abubakar ya ƙi sauke Usama, ya raka shi a ƙasa shi kuwa yana kan doki, har ya nemi izininsa ya bar masa Umar a Madina. Da Umar ya zo yanka wa mutane rabo daga baitulmali, ya ba Usama fiye da ɗansa Abdullahi. Abdullahi ya tambayi dalili, Umar ya ce Zaidu ya fi shi Umar soyuwa a wajen Annabi, Usama kuma ya fi Abdullahi.